A Ware Wa Gyara Kasonsa Kafin A Haƙa Sabuwar Burtsatse

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina neman ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan aikin ƙaramar hukuma yadda muke ganinsa mu mutanen karkara. Sana'ata gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Da gyaran keke na fara, daga baya aka ɗebi wasu daga cikinmu aka koya mana aikin famfo, yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina yinsa, kuma ni ne magatakardan kwamitin ruwa na gundumarmu. Ba zan ambaci sunan garinmu ko na ƙaramar hukumarmu ba, don ba tonon asirin wani ya kawo ni ba, kuma na tabbata duk mai karatun da ke zaune a ƙauye zai ɗauka da garinsu nake.

Famfon da ke bakin makarantar firamarenmu wata bakwai ke nan bai ba da ruwa ba. Abin da ya fara kashe shi kuwa zai shiga aljihun rigata har da sauran wuri, robobi ne guda biyu da ke cikin silinda.

Bari in ɗan bayyana wa wanda bai taɓa ganin cikin famfo ba. Irin namu shi ne wanda ake kira India Mark II, wanda ya cika ƙauyukan ƙasar nan. Hannun da yara ke tuƙawa yana haɗe da sarƙa, sarƙar na riƙe da rodi, rodin ya bi ta cikin bututu har can ƙasa inda silinda take nutse a ruwa. A cikin silindar nan robobin suke, su ne ke tallabo ruwa su turo shi sama duk lokacin da aka danna hannun. Famfo ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya daɗe yana kuka ba a ji ba. Da farko za ka ga da asuba sai an tuƙa an tuƙa kafin ruwa ya zo, wato wanda ya kwana a bututu ya zurare, ko ta bawul ɗin ƙasa ko ta wata gaɓa da ta saki. Daga nan hannun ya yi sakayau, a yi ta wahala ruwan na zuwa siriri kamar na bakin buta, roba ta cinye ke nan. In ka ji yana ƙara yana karkacewa gefe, boris ne ke neman giris ko canji. In ruwan ya fara yin ja da safe, tsatsa ta kama bututu. Mai gyara yana gane yawancin waɗannan da kunne tun kafin ya ƙaraso wurin. A wannan matakin gyaran na yini ɗaya ne. Mutum huɗu ko biyar za su taru, a kwance kan famfon, a riƙa zaro bututun ɗaya bayan ɗaya ana kwancewa ana jerawa a kan itace don kada su kwashi ƙasa, har silinda ta fito. A buɗe ta, a sa sabuwar roba, a duba bawul, a mayar da komai yadda yake, a shafa wa sarƙa giris. Kafin la'asar yara na shan ruwa.

In aka bar shi kuwa, yara za su ci gaba da dukan hannun da ƙarfi saboda ruwa ba ya zuwa, su rataya a kansa su biyu su uku. Sarƙa ta tsinke, ko rodi ya kwance ya faɗa ciki, sai an yi ta lalube da ƙugiya. Da zarar an ga famfo ya yi mako biyu a tsaye, ya zama na kowa. Wani ya zo da dare ya kwance noti, wani ya ɗauke hannun, yara su cika bakin da tsakuwa. Abin da roba biyu za ta gyara ya koma sai an sayi rabin famfo. Haka na makarantarmu ya bi, mataki bayan mataki, a kan idona.

Tun hannun yana sakayau na rubuta takarda. Hedimasta ya sa hannu, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi, na ɗauka da kaina na kai sakatariya. Tafiyar ba kusa ba ce, yini guda take cinyewa. Zuwan farko aka ce mai karɓar takardu bai shigo ba. Na biyu aka karɓa, aka ce in dawo. A na uku na samu wani ma'aikaci a sashen ayyuka, mutumin kirki ne, ya ba ni kujera ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce mini, Baba, gaskiyarka ce, amma babu wani kan kuɗi da za a ciri wannan, da ma sabuwar burtsatse kuka nema, da sai a sa ku a layi. Na fito ina juya maganar nan a raina har gida. Yaron bai yi mini ƙarya ba, kuma bai wulaƙanta ni ba. Abin da ya faɗa shi ne ciwon da nake son in nuna a wannan wasiƙa. Hukuma tana da hanyar da za ta bi ta kashe kuɗi mai yawa a kan sabon abu, ba ta da hanyar da za ta bi ta kashe kaɗan don wanda ake da shi ya ci gaba da aiki.

Wata huɗu bayan haka motar haƙa ta shigo garinmu. Aka haƙa sabuwa mai aiki da hasken rana, da tanki a sama, da allo mai ɗauke da sunan aikin. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba, mun kuma gode, don duk wanda ya kawo ruwa ya kawo alheri. Sai dai a can ƙarshen gari aka haƙa ta, ba a tambayi kwamitin ruwa ko matan da ke ɗiba inda ya fi dacewa ba, ɗaliban makaranta kuma har yau da galan suke zuwa daga gida, wanda bai zo da shi ba ya wuni da ƙishi ko ya sulale ya tafi. Na tari ɗan kwangilar ranar da suke haɗa kaya, na roƙe shi ya bar mana takardar da ke nuna zurfin ramin, da inda injin ya tsaya, da yawan ruwan da ramin ke bayarwa. Ya ce takardun suna ofis. Ba a koya wa kowa a garin yadda zai kula da ita ba, ko wanke farantan da ƙura ke rufewa da hunturu. Ranar da za ta tsaya, duk wanda aka kira gyara a duhu zai yi aiki, kamar likitan da aka kawo wa mara lafiya ba kati.

Na yi tunani a kan dalilin da ya sa abin yake haka, kuma ba na jin amsar ita ce kowa ɓarawo ne. Na san ma'aikatan ƙaramar hukuma masu tsoron Allah, wasunsu ma da aljihunsu suke sayen takarda da biro. Sabon aiki yana da kwangila, yana da allo, yana da ranar buɗewa da hoto, ana iya nuna shi lokacin yaƙin zaɓe a ce ga abin da muka yi. Roba biyu a ƙarƙashin ƙasa ba wanda zai gani. Shugaban da ya gyara famfo talatin a shekara ba shi da abin da zai yanka wa kirtani, alhali ya shayar da mutanen da suka ninka na wanda ya haƙa sababbi biyu. Mu ma talakawa mun taimaka wajen lalata lissafin, don in ɗan takara ya zo, sabo muke tambaya, ba ma tambayar abin da zai yi da matattun da ya wuce a hanya kafin ya iso dandalin taro.

Abin da ke tayar mini da hankali a maganar ruwa shi ne na san inda mutane ke komawa idan famfo ya mutu. Kududdufi suke komawa, da tafki, da rijiyar da ba ta da murfi. Ni na tashi a lokacin kurkunu. Na ga magidanta kwance a tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi bukatarsu, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kullum, in ta tsinke kuma ciwon ya ƙaru. A ƙarshen shekarun 1980, da aka bi ƙasar nan aka ƙirga, an samu mutum sama da 650,000 masu ɗauke da ita. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi yawo a kan wannan cuta, aka raba matatar ruwa, aka haƙa burtsatse a garuruwan da ta fi kamari, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da ita. Da yawa daga cikin famfunan da nake gyarawa na wancan yunƙurin ne. Kurkunu ta tafi, Alhamdulillahi, amma amai da gudawa bai tafi ba, kusan kowace damina sai mun ji labarinsa, kuma hanyarsa ɗaya ce da ta kurkunu, wato ruwan da mutum ya sha don ba shi da wani.

Ba ruwa kaɗai ba. Akwai kwalbati a kan hanyar da ta haɗa mu da asibitin gunduma. Duk rani yashi da leda da kara suna toshe bakinsa. Aikin mutum goma ne da shebur na kwana biyu kafin ruwan farko. In ba a yi ba, ruwa ya zo ya rasa hanya, ya hau kan titi, ya ci gefe da gefe, ya bar kwalbatin tsaye shi kaɗai a tsakiya kamar tsibiri. Bara haka aka yi. A amalanke muka tsallaka da wata mai naƙuda cikin dare, maza shida na riƙe da ita ruwa har ƙugu, mota na jira a ƙetare. Allah Ya sauke ta lafiya, amma duk wanda ya riƙe amalanken nan a daren bai manta ba. Yanzu ana maganar ba da kwangilar sabon kwalbati.

Ina yaro na riski ƙarshen zamanin En'e, wato hukumar sarakuna da ke mulkin gari kafin ƙananan hukumomi. Akwai leburorin hanya, kowane rukuni da yankinsa, da diga da shebur da kwando, aikinsu ke nan kullum, cike rami da burji da yashe magudana. Akwai duba-gari, wanda in aka ce ya shigo unguwa sai ka ga mata na rige-rigen wanke randa da share tsakar gida. Ban ce a dawo da En'e ba, Allah Ya kiyaye. Na ga yadda ake yi wa mutum a kan haraji, na ga magidanci ya kwana a daji don kada a same shi a gida, kuma ina cikin waɗanda suka yi murna da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Garambawul ɗin 1976 da ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa an yi shi ne don a matso da gwamnati kusa da talaka, ya zaɓi wanda zai wakilce shi. Niyyar mai kyau ce. Abin da ya salwanta a hanya shi ne wannan ƙaramin ma'aikaci mai albashi wanda aikinsa kula da abin da ake da shi, wanda kowa ya san sunansa, in hanya ta lalace an san ƙofar da za a buga.

Wani malamin makaranta ya karanta mini Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya fassara mini shi layi bayan layi. Na yi mamakin yadda duk abubuwan da ke ciki na ƙofar gida ne. Gina hanyoyi da magudanun ruwa da kula da su, kasuwa da tasha da mayanka, makewayin jama'a, kwashe shara, maƙabarta, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, har da lasin ɗin keke da amalanke da kwalekwale. Sannan ta sa hannu a ilimin firamare da na manya, da aikin gona, da kiwon lafiya. Na sa ya maimaita mini wurin hanyoyi, don in tabbatar da kunnena cewa kalmar kulawa tana nan tare da ta ginawa. Tana nan. A cikin duk jerin nan, wanda ba ya fashi a wurinmu shi ne karɓar kuɗin shiga. Duk ranar kasuwa masu rasit suna nan tun hantsi, a kan kowace rumfa da kowace dabba da kowace mota. Ba na ƙin a karɓa, haƙƙin hukuma ne. Amma kasuwar ba ta da makewayi ko ɗaya mai aiki, kuma in aka yi ruwa sai an naɗe wando kafin a shiga. Mai biya yana da haƙƙin ya ga inda ko kaɗan daga abin da ya biya ya koma.

Na san amsar da shugabannin ƙananan hukumomi suka daɗe suna bayarwa, cewa kuɗin ba ya isowa hannunsu. Akwai gaskiya a ciki. A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, amma sashe na 162 na Tsarin Mulki ya sa kuɗin ya bi ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, kuma kowa ya san abin da aka yi shekaru ana yi da wannan asusu. A cire na wannan, a cire na wancan, a ce aikin haɗin gwiwa ne, abin da ya rage ya tafi a albashi. Ga kuma kantomomi da gwamna ke naɗawa ya sauke yadda ya ga dama, alhali sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe majalisun. Shi ya sa ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a ba majalisar da ba zaɓaɓɓiya ba, mun ji daɗi ƙwarai. A rediyo na ji, muna zaune a gindin bishiya, har wani dattijo ya ce to yanzu sai a gyara mana kwalbati.

Ina goyon bayan hukuncin nan ɗari bisa ɗari, kuma ina roƙon a daina kai-kawon da aka daɗe ana yi wajen aiwatar da shi. Amma ina jin tsoron kada mu ɗauka shi ke nan an gama. In kuɗi ya sauka kai tsaye a sakatariya, kuma har yanzu babu kan kuɗin gyara, har yanzu ba wanda ya san nawa ya shigo nawa ya fita, to an dai canja hannun da ke riƙe da jaka, famfon makarantarmu yana nan yadda yake. Zaɓen ma hukumomin zaɓe na jihohi ke shirya shi, kuma a yawancin jihohi jam'iyyar da ke mulki ce ke kwashe kusan duk kujerun. Shugaban da ya san ba ƙuri'armu ce ta kawo shi ba, da wuya takardarmu ta hana shi barci. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru a lissafi, ana buga alƙaluman kowace ƙaramar hukuma, yaranmu masu waya suna gani suna karanta mana. Muna jin adadin, muna duba garin, ba ma ganin inda suka haɗu.

Yanzu bari in juyo kanmu, don in na tsaya a kan hukuma kaɗai ban yi adalci ba. Lokacin da aka kafa kwamitin ruwa, an yi yarjejeniya kowane gida zai riƙa ba da ɗan abu kaɗan duk wata, a ajiye don sayen roba da giris. Wata uku aka yi ana bayarwa. Da aka ga famfo na aiki lafiya sai aka ce me za a tara wa, ai na gwamnati ne. Da asusun nan yana raye, da ban je sakatariya neman roba biyu ba, da na sayo na sa tun ranar da hannun ya fara sakayau. Masu garken shanu suna shayarwa a famfo ɗaya da mai tulu guda, amma in aka zo karo-karo sai su ce a raba daidai. Aikin gayya da muka gāda, wanda da shi iyayenmu suka yashe rijiyoyi suka gyara hanyoyi, yanzu in mai unguwa ya yi shela sai matasa su tambaya ko akwai sallama. Ba na ganin laifinsu su kaɗai, sun ga ana ba da kwangilar abin da ake cewa su yi kyauta. Kansila kuma mun mayar da shi wurin kai kukan gida. Da safe ƙofarsa cike take da masu neman na magani da na suna da na makaranta, ba mai zuwa ya tambaye shi abin da aka tattauna a zaman majalisa, ko me aka sa wa gundumarmu a kasafin bana. Shi ma ya gane in ya sallami mutum ashirin da safe ya fi masa sauƙi a kan ya tsaya ya yi faɗa a kan kwalbati.

Akwai kuma kuskuren da ni kaina na yi shekaru ina cikinsa ban gani ba. Kwamitinmu na ruwa a da duk maza ne, alhali mata da yara ke ɗibar ruwan. Wata tsohuwa mai zuwa famfon makaranta da asuba ita ta fara gaya mini cewa sai ta tuƙa sau da yawa kafin ya kawo, mako biyu kafin wani namiji ya lura. A wata gunduma da nake zuwa gyara, wata mata ce ke riƙe da asusun, kuma ban taɓa zuwa na tarar babu kuɗin roba ba. Mun gyara wannan a namu a watan jiya, mun sa mata biyu, ɗaya ita ce ma'aji.

Abin da nake roƙo a wurin shugabannin ƙananan hukumomi, namu da na sauran wurare, ba ya bukatar sabuwar doka. A sa wa gyara kansa na kuɗi a kasafi, a rubuce, daban da na sababbin ayyuka, kuma kada a taɓa shi don wani abu. A sa ma'aikatan sashen ayyuka su zagaya su rubuta kowane famfo da kowane kwalbati da kowane ajin da iska ta yaye wa rufi, da halin da yake ciki, don na tabbata a yau babu littafi ɗaya a sakatariyarmu da zai gaya maka famfo nawa ke aiki. Mu masu gyara muna nan, mun san su ɗaya bayan ɗaya, a kira mu za mu faɗa kyauta. A ajiye robobi da sarƙa da boris da rodi a sito, kwamiti ya zo ya saya ko ya karɓa da sa hannu, maimakon a yi tafiyar yini zuwa birni neman abin da bai kai tafin hannu ba. In za a sa sabon famfon hannu, a duba irin su Afridev, wanda aka ƙera shi yadda za a iya zaro robarsa ba tare da an ciro bututu ba, mutum biyu ma sun isa. Kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ya miƙa wa kwamitin gari takardar aikin ya kuma koya wa mutum biyu kula da shi.

Wanda ya fi duk waɗannan a wurina shi ne allon sanarwa. Akwai shi a ƙofar sakatariya, na gan shi duk zuwan da na yi, babu komai a kansa sai tsofaffin takardun da rana ta cinye. A liƙa mana a kai duk wata, da Hausa, abin da ya shigo daga tarayya, abin da aka tara a kasuwanni da tasha, abin da ya tafi a albashi, da abin da aka yi da sauran. A aika kwafi ga kowane dagaci a karanta wa jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar ya rubuta ya tambaya a ba shi amsa cikin kwana 7, amma manomi ba zai bar gonarsa ya je yana rubuta takarda ba, kuma bai kamata sai an kai ga haka ba. Shugaban da ke da gaskiya allon nan kariya ne gare shi, don a yanzu ko bai ci ba ana cewa ya ci. Kansila kuma ya riƙa zama da mutanen gundumarsa ko sau huɗu ne a shekara, a fili, maza da mata, ya faɗi abin da ya samo da abin da ya gagara, mu ma mu faɗi namu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku ma 'yan jarida ina da roƙo a wurinku. Kuna zuwa ranar buɗe aiki, muna ganin hotunan. Ku riƙa dawowa bayan shekara ɗaya ku ɗauki hoton wurin, ku buga su gefe da gefe.

Game da famfon makaranta, mun sake farfaɗo da karo-karo, kuma abin da aka tara ya sayi robobi da sarƙa, suna nan a ɗakina cikin leda. Saura hannu da bututu uku da rodinsu, waɗanda suka fi ƙarfin asusunmu a yanzu. Na sake rubuta takarda ta biyu na kai, wannan karon na sa an buga mini hatimin karɓa a kan kwafina. In kayan nan suka samu, mutum biyar sun riga sun yi mini alkawarin fitowa, ba kuma za mu karɓi ladan aiki ba. Muna so a yi da wuri, don zafi na tafe kuma yaran sun fi ɗari uku.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa,
magatakardan kwamitin ruwa na wata gunduma a karkara.